Kicin Ɗin Anti: Me Za a Ɗora In An Dawo Gida a Gajiye?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kamar kun haɗa baki. Daga Kano har Maraɗi kuka ɗaya ne: an shigo gida gab da magariba, ƙafa ta yi nauyi, yara sun kewaye mutum suna kallon hannunsa, murhu kuwa ko kunna shi ba a yi ba. Na rage tsawon wasu wasiƙun saboda fili, kuma kamar yadda muka saba, ba na sa sunan kowa.

Tambaya: Anti, ni ma'aikaciyar jinya ce, 'ya'yana uku. Ƙarfe huɗu nake tashi aiki, amma kafin in samu adaidaita sahu, in biya islamiyya in ɗauko yara, shida ta yi. In na ce zan yi shinkafa da miya, sai bayan tara muke cin abinci, ƙaramin ma ya riga ya yi barci da yunwa. Wallahi abin yana damuna. Ki taimaka min da girkin da ba ya cin lokaci. (Uwar yara uku, Kano)

Amsa: Sannu 'yata, Allah ya ba da lada, ya raya miki su. Kafin in ambaci sunan girki ko ɗaya, gobe ki ajiye agogo a kicin ki lura da inda lokacin naki yake zurarewa. Shinkafa dai ba ta wuce minti 30 a wuta. Taliya minti 10. To ina awa ukun suka tafi? Sun tafi wajen cire hancin tumatir da 'ya'yan tattasai, da aiken yaro markaɗe ya je ya tarar da layi a bakin inji, da jiran tumatir ya tsotse ruwa tsaminsa ya fita, da naman da sai ya kusa awa guda kafin ya yi laushi. Girkin kansa ba shi da laifi. Hidimar da take gabansa ce ke cinye miki dare, ita kuwa ba dole sai ranar za a yi ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni ma ba wayona ne ya gano min ba. Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar sakandare a Zariya, muna zaune a Samaru, ga goyo, maigidana ya ci tuwon ƙarfe goma na dare har ya gaji da magana. Wata Asabar maƙwabciyata, dattijuwa ce ita ma ma'aikaciya, ta leƙo ta ce in zo in kama mata aiki. Na tarar da ita da kwandon tumatir, ga ƙatuwar tukunya a kan wuta a tsakar gida. Na tambaya ko biki za a yi, ta yi dariya ta ce bikin sati ne. Tun ranar ban sake aika markaɗe a ranar aiki ba.

Ga yadda nake yi. Ranar hutunki ki shiga kasuwar Yankaba da sassafe, can kayan gwari suka fi sauƙi. Tumatir kwano biyu, tattasai kwano ɗaya, albasa manya biyar ko shida, attaruhu gwargwadon bakin yaranki. A markaɗa da ruwa kaɗan. Ki juye a tukunya mai faɗi, ba mai, ba murfi, ki bar shi yana ta tafasa kina sauran aikinki har ya yi kauri jansa ya yi duhu. Sannan ki zuba mai ki soya har man ya taso sama. Gishiri kawai za ki sa. Ban da kori, ban da daddawa, ban da dunƙule, domin wannan ba miya ba ce tukuna, uwar miya ce: ranar Litinin ta zama dafa-duka, ranar Laraba ta zama miyar alayyahu. In ya huce ki rarraba a ƙananan robobi, kowace roba girki ɗaya. Inda mata da yawa suke kuskure shi ne su zuba duka a bokiti ɗaya, kullum a fito da shi a narkar, a ɗiba, a mayar. Kafin sati ya zagayo ɗanɗanonsa ya juya.

A wannan zaman dai ki tafasa naman sati da albasa da citta da tafarnuwa. Naman daban, romon daban, kuma ki fi tattalin romon, don shi ke sa girkin minti 20 ya yi ɗanɗanon wanda aka wuni ana yi. Ki dafa wake rabin kwano har ya kusa nuna, ki tace, shi ma ki rarraba. Aikin awa uku ne a ranar da ya kamata ki miƙe ƙafa. Ban ce miki da daɗi ba.

To ga ki kin shigo ƙarfe shida. Kafin ki cire hijabi ki ɗora ruwa. Wannan ita ce dokata ta farko, domin kusan duk abin da za ki dafa da tafasasshen ruwa yake farawa. Ki miƙa wa ƙaramin ayaba ko dafaffen ƙwai ya riƙe cikinsa. In dafa-dukan taliya ce, robar markaɗe ɗaya, robar romo ɗaya, ki ƙara ruwa, ki sa dunƙule da ɗan kori. Ya tafaso ki karya taliya ki zuba, gab da tsotsewa ki watsa kabeji da karas da naman da kika yayyanka. Kafin mazan unguwa su dawo daga magariba kin sauke. Washegari garau-garau: shinkafa ta ɗauko nuna ki juye waken nan da kika riga kika dafa su ƙarasa tare, sai mai da yaji da yankakken tumatir da albasa da latas. Har yau ban ga yaron Kano da ya ture garau-garau ba. Faten dankalin turawa kuwa feraya ce kawai aikinsa, in babban naki ya isa riƙe wuƙa nasa ne. A yanka ƙanana, minti 20 a cikin romo da markaɗe, alayyahu a ƙarshe. In doya ce ta fi araha a satin, hanyar ɗaya ce.

Amma ki ji gargaɗi. Duk wannan a kan firiza ya rataya, ita kuma a kan wuta. Wata shekara taransifomar unguwarmu ta lalace muka yi kwana huɗu a duhu, na buɗe firiza na tarar da aikin sati biyu ya yi kumfa. Da hawaye na zubar. Tun daga nan na sati ɗaya kawai nake tanada, kuma duk sararin da ya rage ina cika shi da robobin ruwa su daskare, domin firizar da take cike ta fi riƙe sanyi in an ɗauke wuta, muddin ba a yawan buɗe ta. Abin da ya narke, musamman nama da romo, in da sauran sanyinsa ki dafa shi a ranar. In sanyin ya fita gaba ɗaya, ki haƙura da shi, asarar nama ta fi kwanan asibiti sauƙi, ke ma kin fi ni sani.

Sai maganar da ba ki tambaya ba. Ɗauko yaran nan daga islamiyya, in hanyar maigidan ce, ki yi masa maganar cikin lumana. Rabin awar da za ki samu a nan ta kusa kai duk dabarun da na jero miki.

Tambaya: Anti, ni malamar firamare ce, da yamma kuma ina ɗinki. Matsalata maigida ne. In na yi taliya ko dafa-duka da dare zai cinye tas, in ya gama sai ya ce to ina abincin? Shi in ba tuwo ba bai ci komai ba. Ni kuma tuwo wahala yake ba ni. Yaya zan shawo kansa ya haƙura? (Malama, Funtuwa)

Amsa: Ƙanwata, ba zan taya ki shawo kansa ba, domin a wannan shari'ar rabin jikina yana wajensa. Wa ya ce miki tuwo girkin wahala ne? Tuwon da ya wahalar da iyayenmu shi ne wanda ake farawa daga surfe, a wanke, a shanya, a kai niƙa, a dawo a tankaɗe. In garinki yana cikin bokiti a tankaɗe, tuwo da miyar kuka ya riga jalof sauka. Na sha gwadawa da agogo.

Ki dubi kayan miyar kuka ɗaya bayan ɗaya. Kukar busasshiya ce an daka. Daddawa a shirye take. Barkono busasshe, kifi banda. Babu abin markaɗawa, babu abin soyawa, babu wanda yake neman firiji. Matan da suke dawowa daga gona da la'asar sakaliya suna da girkin gaggawarsu tun ba a san taliyar leda ba, mu ne muka mayar da shi abin raini.

Murhu biyu za ki kunna. A ɗaya, ruwa ko romo, dakakkiyar daddawa, albasa, barkono, citta, masoro, kifin da kika wanke kika cire ƙayarsa, da ɗan mai. Ki bar su su tafasa sosai, minti 10 zuwa 15, har daddawar ta nuna ƙamshinta ya cika gida. Miyar kukar da ake cewa ba ta da daɗi, yawanci a nan aka yi mata gaggawa. Sai ki rage wuta, hannu ɗaya yana barbaɗa kuka ɗayan yana kaɗawa da maburgi. Kada ki juye ta gaba ɗaya, gudaji za ta yi. Minti biyar ba murfi ki sauke, ki soya man shanu da albasa ki zuba a kai.

A ɗaya murhun, ruwa ya tafasa ki dama gari da ruwan sanyi ki yi talge. In na masara ne ki ba shi minti 10 ya nuna, sannan ki zuba busasshen gari ki tuƙa, ki rage wuta ki rufe ya turara minti biyar, ki sake bi da muciya, ki kwashe. Na semo ma bai kai haka ba. Mai cin lokacin tuwon shinkafa ne, da sai ta dahu ta yi luguf kafin a tuƙa. Shi ki bar wa Jumma'a, ko ki kai shinkafar tuwo a niƙo miki gari ki riƙa tuƙa shi kamar na masara.

Don kada bakinsa ya gundura, gobe busasshiyar kuɓewa, hanyarta ɗaya da kuka. Jibi karkashi da ɗan ruwan kanwa. Taushe da miyar zogale da gyaɗa su ne na ranar hutu. In za ki sayi kuka ki zaɓi koriya shar wadda aka shanya a inuwa, ki zo gida ki sake tankaɗewa da rariya mai laushi, don kuka mai ƙasa tana ɓata tuwo komai kyan tuƙinsa. Kuma ki tuƙa da ɗan yawa, ɗumamen safe ya ɗauke miki karin kumallo. In kina son dare biyu na taliya a sati, ki nemi izinin da safe, bayan ya ci ɗumame da man shanu. Lokacin ya fi jin magana.

Tambaya: Anti, ki yi haƙuri namiji ne ya shigo filin mata. Ina aiki a cikin Abuja, ina zaune a Mararaba. Saboda cunkoson Nyanya ba na isa gida sai tara. Kullum wajen mai shayi nake ƙarewa, Indomie da ƙwai, wata shida ke nan. Kuɗi na tafiya, cikina ma ya fara ƙorafi. Ina da ƙaramar tukunyar gas da tukunyar girki ɗaya, amma ruwan zafi kawai na iya dafawa. (Gwauro, Mararaba)

Amsa: Ɗana, filin ba na mata ba ne, na duk mai ciki ne. Kuma ba zan ce ka yi aure ba, na san gwaggonninka sun ishe ka da wannan. Ita ma wadda za ka aura wataƙila a cunkoson nan ɗaya za ku riƙa dawowa.

Wanda ya iya tafasa ruwa ya iya kuskus. An riga an turara shi an busar tun daga kamfani, shi ya sa ba ya neman dahuwa. Kofi ɗaya na kuskus a kwano, ɗan gishiri, mai cokali ɗaya, tafasasshen ruwa kofi ɗaya, ka rufe minti biyar, ka wargaza da cokali mai yatsu. A cikin minti biyar ɗin nan tukunyarka ba komai a ciki, sai ka zuba mai, albasa, tumatir biyu, attaruhu ɗaya. Da wuƙa za ka yanka, ba ruwanka da inji. Sun yi laushi ka buɗe kifin gwangwani ka juye. Shi ke nan. A wajen mai shayi da har yanzu kana kan benci kana jiran layi ya zo kanka.

Na biyu dankalin Hausa ko doya da miyar ƙwai. Ka fere, ka yanka, minti 15 zuwa 20 a ruwa da gishiri, ka tsiyaye ka juye a kwano. Miyar kuwa ita ce dai ta ɗazu, a maimakon kifi ka fasa ƙwai biyu ka juya. Na uku dafa-dukan shinkafa, amma shi ka fara koyonsa ranar Lahadi da rana, ba daren da ka dawo da yunwa ba: shinkafa kofi ɗaya, ruwa kofi biyu, in ta tafaso ka rage wuta, kuma ka daina buɗe murfi kana leƙe.

Taliyar leda ban haramta maka ba. Abin da nake jiye maka, ko ta wane kamfani ce, gishirin da ke cikin ɗan ƙunshin ɗanɗanon nan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kai kuwa leda biyu ake karya maka, a zazzage ɗanɗanon duka, a ƙara dunƙule a ƙwai, ban da abin da ka ci da rana. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. In za ka ci, ka dafa a ɗakinka, rabin ɗanɗanon ya isa, kabeji da karas su kusa kai yawan taliyar, sau biyu a sati. Kabeji da karas da albasa suna kwanaki ba firiji.

Daren da ko ashana ba za ka iya ƙyastawa ba, ka jiƙa garin kwaki da ruwa kaɗan, ka zuba dakakken ƙuli-ƙuli, mai, albasa, tumatir da yaji. 'Yan makarantar kwana da shi suka yi karatu. Ƙorafin cikin kuma, in ka canza abinci bai lafa ba, ka je ka ga likita.

Tambaya: Anti, ina gaisuwa daga Maraɗi. Atamfa nake sayarwa a kasuwa, sai bayan la'asar nake rufe rumfa. Kullum kuna maganar firiza, mu kuwa ba mu da ita, da gawayi ma nake girki. Mu fa yaya za mu yi? ('Yar kasuwa, Maraɗi)

Amsa: Kin yi gaskiya 'yar uwa, kin kuma kama ni da laifi. Ko a nan Kano gidaje da yawa ba su da ita. Ke firizarki rana ce, kuma ba a ɗauke ta.

A 2016, lokacin da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, matan da suka raina kauɗa duk sun dawo suna nemanta. Ina cikinsu, kuma tun lokacin ban rabu da ita ba. In tumatir ya yi araha ki saya ki yanka ki shanya a tsaftatacciyar tabarma, a sama ba a ƙasa ba. In saya za ki yi, ki zaɓi kauɗa mai ja, ki guji wadda ta yi baƙi ko take da fumfuna. Ki wanke, ki sake shanyawa ta bushe ƙayau, ki daka da busasshen tattasai, ki ɗura garin a kwalba. Cokali uku a jiƙa da ruwan ɗumi kafin gawayi ya kama, a soya da albasa mai yawa: markaɗenki ke nan. Kifi banda ma ki daka rabinsa ya zama gari. Ki ajiye dakakken ƙuli-ƙuli, yaji, kuka da kuɓewa, kowanne a mazubinsa.

A girkin gawayi kamawar wutar ce take cin lokaci, don haka ita za ki fara haɗawa kafin komai, kuma ki fi yin girkin tukunya ɗaya. Dambu da zogale ba ni zan koya muku ba, ku mutanen Nijar kun fi mu iya shi. Sai dai turara tsaki sau biyu aikin ranar hutu ne. Na daren aiki ga shi: ki sayo dafaffen zogale a hanya wajen mai tsafta, ki jiƙa kuskus da tafasasshen ruwa, ki haɗa su da soyayyiyar albasa da mai da ƙuli-ƙuli da yaji. Surukarki za ta gane ba dambun gaske ba ne, amma za ta cinye.

Don ɗanyen kayan miya kuwa, ki sami tukwanen ƙasa biyu, ki sa ƙarama a cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi, ki riƙa jiƙa yashin safe da yamma, ki rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikin tukunyar yana bushewa yana tafiya da zafi, sirrin sanyin randa ke nan. Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki a busasshen zafi irin naku, da damina ƙarfinta yana raguwa. Tumatir, tattasai, gauta, alayyahu, duk tana ƙara musu kwana. Amma sanyinta bai kai ya riƙe nama ko dafaffen abinci ba, kada ki gwada.

Tambaya: Anti, mu biyu ne a gidan, kwana bibbiyu muke girki, bakin ci 14. Abokiyar zamana tana gida, girkinta kala-kala. Ni ina aiki a sakatariya, ranar girkina ji nake kamar in yi kuka. (Amarya, Sakkwato)

Amsa: 'Yata, kin fi duk waɗanda suka rubuto sa'a, ba ki sani ba. Kina da dare biyu da babu mai jiran tukunyarki. Na farko ki huta, na biyu ki yi markaɗenki, ki tafasa nama, ki tsince wake.

Ga baki 14, ki guji duk abin da ake yi ɗaya-ɗaya: waina, alala, soye-soye. Ki riƙe tukunyar da ba ruwanta da yawan mutane, irin su dafa-duka, garau-garau, tuwo, da faten tsaki da yakuwa da dakakkiyar gyaɗa. Kuma kada ki shiga gasa. Wadda ta wuni a gida in ta yi funkaso da sinasir, ki ci ki yaba da gaske. Ke ki nemi abu ɗaya da za a san ki da shi. Na san wadda yajinta kawai, mai ƙuli da tafarnuwa da citta, ya sa yaran gida suke ƙirga ranar girkinta. In za ki sa manyan yaran gidan aiki, in nata ne ki fara neman yardarta tukuna.

Tambaya: In na dafa shinkafa da yawa ranar Lahadi, zan iya riƙa ɗumamawa har Laraba? (Ɗaliba, Jos)

Amsa: Da sharaɗi, 'yata. Ɗanyar shinkafa tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da masana ke kira Bacillus cereus, dahuwa ba ta gamawa da ita. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuwa ɗumame ba ya karya ta. Sai amai da gudawa, a ɗora wa ruwan sha laifi. Ki baza ta a faranti ta huce da wuri, cikin awa ɗaya ta shiga firiji. Ta Litinin a firiji, ta Talata da Laraba a firiza. Kowane kaso sau ɗaya za a ɗumama shi, har ya yi zafi ƙwarai ta ko'ina. Wadda ta kwana a kula ita na fi tsoro. Sanyin Jos kuma ba firiji ba ne.

Tambaya: Tun da gas ya yi tsada na daina dafa wake, ga shi yarana suna so. (Uwargida, Kaduna)

Amsa: Ki jiƙa shi da safe kafin ki fita, ki zubar da ruwan jiƙon, lokacin dahuwarsa zai ragu sosai. Kanwa tana saurin nunar da shi, amma ɗan mitsitsi, domin yawanta yana lalata bitamin B1 da ke cikin waken, yana kuma ɓata launi da ɗanɗano. Kada ki sa tumatir sai ya yi laushi, tsami yana hana shi nuna. In da hali ki tara ki sayi tukunyar firesha: cikinta yana kai kusan digiri 120 inda tukunyar yau da kullum take tsayawa a 100, jiƙaƙƙen wake ba ya wuce minti 15 a ciki. In babu, ki tafasa shi sosai minti 15, ki kashe wuta, ki naɗe tukunyar a rufe da tsohon bargo, ki bar ta awa biyu zuwa uku, zafinta zai ƙarasa aikin. Ki sake tafasawa kafin a ci.

Tambaya: Anti, ki raba mana gardama da maigidana. Ɗan wake abincin rana ne ko ana cinsa da dare? (Mai karatu, Gusau)

Amsa: A gidana ana ci, don in garinsa yana ajiye, a kwaɓa da kuka da ruwan kanwa, a saka a tafasasshen ruwa, ya taso a ba shi minti 10, an gama. Sai dai ku ci da wuri, tsakanin magariba da isha'i, kuma ku ajiye ruwan sha kusa da gado.